Kunnen Yaya

Takardar canjin wurin aiki ta same ni ranar Laraba da hantsi. An mayar da ni makarantar da ke saman tudu, bayan wurin fasa dutse, kuma an ce in bayyana ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi. Na karanta ta sau uku a tsaye a ɗakin malamai. Ba makarantar ce ta dame ni ba, hanyar ce. Hawa ne mai lanƙwasa uku, motocin haya ba sa bin ta, kuma babur ɗina ya girmi 'yata ta fari da shekara tara. A shimfiɗaɗɗen titi ma sai na lallashe shi. In ya yi zafi sai ya mutu a tsakiyar mahaɗa, in tura shi gefe in tsaya ina duba agogo kamar mai jiran wani, har ya huce don kansa.

Ni mutum ne da ba ya iya ajiye matsala ta jira gobe. Kafin a tashi daga makaranta na riga na tambayi malamai huɗu, na kira wani abokina mai sayar da kayan babur har sau biyu. Shi ya ce mini matsalar daga wuta ce. Tsofaffin babura irin nawa da kontak suke aiki, wato wasu 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don ba filogi wuta, kuma in sun cinye sai wutar ta yi rauni. Ya ce in cire su gaba ɗaya in sa na zamani. Da yamma ya miƙo mini leda: ɗan baƙin akwati da bai fi kwalin ashana biyu ba, wanda ya kira CDI, da sabon koyil, da wani faranti mai wayoyi. Babu takardar bayani. Ya ce duk makanikin kirki zai gane.

Makanikin kirki kuwa a gidanmu yake. Yayana ne, wanda ya ba ni shekara goma sha huɗu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran babur a wata rumfar kwano da ke tsakanin shagon mai walda da na mai yankan ƙarfe. An san shi da abu guda: kunne. Tun kana kan titi, kafin ka kashe injin, zai gaya maka abin da ya kawo ka. Mutane suna tsallake makanikai biyar su zo wurinsa don wannan kawai.

Ranar Alhamis da sassafe na tura babur ɗin cikin rumfar. Yaya yana durƙushe ya ba ni baya, yana wanke wani abu a cikin kwanon fetur. Na yi sallama bai amsa ba. Na sake, shiru. Ban yi mamaki ba, don tun ina yaro in Yaya yana aiki ba ya kula kowa. Sai da inuwata ta faɗa kan kwanon ya ɗago.

"Auta. Yau babu makaranta?"

Na zazzage masa ledar a kan teburin ƙarfensa, tsakanin gwangwanayen madara masu cike da notoci. Ya ɗauki baƙin akwatin, ya jijjiga shi, ya juya shi.

"Wannan ta ina ake buɗe shi?"

"Ba a buɗewa, Yaya. In ya lalace canzawa ake yi."

"To ai shi ke nan. Kontak ɗin me ya yi maka? Kawo in goge maka shi, in gyara tazararsa, ka tafi."

"Ka goge shi wancan watan. Ka goge shi wanda ya gabata. Tudu zan riƙa hawa kullum, ba na son abin da zan riƙa roƙo."

Yana kallon bakina ina magana, kamar yana jiran in faɗi abin da zai kama ni da shi. Daga ƙarshe ya ja tsaki, ya ce in ɗora babur ɗin a kan jakin ƙarfen da ke ɗaga tayarsa.

Ranar nan ban zauna ba. Akwai tsohuwar kujerar mota a rumfar, da ita ake tarbar masu kawo aiki, amma in na zauna minti biyu sai in miƙe. Ya cire murfin gefen injin, ya zare faifan maganaɗisu mai juyawa, ya kwance tsohon farantin da kontak ɗinsa. Da ya gwada sabon, sai ramukan kusoshi ba su zo daidai ba. Na ce in koma in canzo wani. Bai ko dube ni ba, ya ɗaure farantin ya kama shi da magagari, yana faɗaɗa ramukan a hankali har suka zama dogaye.

"Haka ma ya fi," in ji shi. "Yanzu ina iya murɗa shi gaba ko baya. Da shi ake saita lokacin da wuta za ta tashi. In ta yi wuri, injin ya wahala. In ta makara, ya yi kasala."

"To ta yaya za ka san daidai? Babu alama a jikinsa."

Ya nuna kunnensa da yatsa mai baƙin mai.

Na je na sayo masa shayi, na dawo, na sake fita na zaga layin. Na ƙirga wayoyin da suka rage. Na tambaye shi ko za a gama yau, ya yi kamar bai ji ba. Mai walda yana ta aikinsa, mai yankan ƙarfe kuwa in ya kunna injinsa har haƙoranka sai sun amsa. Yamma ta yi ba a gama ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya ɗaure akwatin a ƙarƙashin sirdi da roba, ya haɗa wayar ƙarshe, ya wanke kafireta, ya ce in buga. Bugun farko kik ɗin, wato sandar tayar da injin, ya dawo da ƙarfi ya doke ni a idon sawu, sai da na yi tsalle da ƙafa ɗaya. Yaya ya yi dariya.

"Ya samu ƙarfi ke nan. Da can ai ko akuya ba ya iya harbi."

A bugu na uku ya tashi, da wata murya da ban san yana da ita ba. Yaya ya tsuguna, ya karkata kai, ya murɗa farantin kaɗan, ya ja totur, ya ƙara murɗawa. Ya ɗaure kusoshi ya mayar da murfi.

"Je ka. In ka ga ya tashi sama kada ka ce ni ne."

A titi kam ya yi daɗi. Da na taɓa totur sai ya zabura. Na wuce mahaɗar da ya saba kunyata ni, na nufi tudun kai tsaye, don ba zan iya jira sai Litinin in gani ba. Lanƙwasa ta farko lafiya. Da na shiga ta biyu, inda hawan ya miƙe, sai na ji wani siririn sauti daga cikin injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Na sassauta, ya ɗauke. Na ƙara wuta, ya dawo. Zafi ya fara dukan ƙafata ta cikin wando, ga wani ƙauri. Na tsaya a gefen hanya na kashe. Manyan motocin dutse suna wuce ni, direbobin suna leƙowa. Na gangaro da shi a kashe har ƙasa.

Da na koma rumfar raina a ɓace yake. Na kwatanta wa Yaya sautin. Ya tayar da injin a tsaye, ya ja totur, ya ce shi bai ji komai ba. Na ce sai a hawa yake yi. Ya ce in hau baya. Akwai wani gajeren hawa bayan layinsu, wajen gadar jirgin ƙasa, can ya nufa. Yana sa giya ta uku ya buɗe wuta, sai ga sautin nan raɗau, har ya fi na ɗazu. Na jira ya sassauta. Bai sassauta ba. Ya kai saman gadar ya juyo da fuskarsa yana murmushi.

"Ka ji? Lafiyarsa ƙalau. Tsoron gudu ne kawai irin na malaman makaranta."

Na ɗauka gardama ce. Yaya bai taɓa cewa ya yi kuskure ba tun da na san shi. Da muka dawo na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce in aikin zamani ya fi ƙarfinsa ya gaya mini, akwai masu yi a gari. Na faɗa da ƙarfi, har mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. Wannan kam Yaya ya ji. Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, ya ajiye makullin babur ɗin a kan tebur.

"Kai musu," ya ce.

Ban kai ba. Na bar shi a nan na tafi gida a ƙafa, ina tafe ina shirya maganganun da zan ƙara masa gobe.

Ranar Asabar da safe na biya ta gidansa, da niyyar in same shi kafin ya fita. Ya riga ya fita. Matarsa tana shanya a tsakar gida, da maƙalan shanya biyu a baki. Mun saba tsokanar juna, amma ranar nan ko dariya ba ta yi ba.

"Malam Auta, me ka yi wa mijina? Jiya ko abinci bai taɓa ba."

Na ba ta labari, har da kwaikwayon sautin. Ta gama shanya rigar da ke hannunta, ta zauna a bakin baranda, ta ce in zauna. Na ce ina sauri.

"Kullum kana sauri. Zauna."

Na zauna.

"Yayanka ba ya ji," ta ce. "Ba gaba ɗaya ba. In ka yi magana da kauri, kana gabansa, zai ji. Amma siririn sauti ya tafi. Butar shayi tana fito a kan wuta yana kusa da ita bai sani ba. Wayarsa tana ƙara a aljihunsa sai na taɓa shi. Ya fi shekara."

"Shekara? Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Wa zai gaya maka? Shi bai yarda ba. Na ce mu je asibiti, ya ce ni ce nake magana ƙasa-ƙasa. Babura biyu aka dawo masa da su wancan watan. Ɗayan, mai shi kawai ya ɗauke abinsa ya kai wani wuri, shekara goma yana zuwa wurinsa. Kana ganin bai sani ba? Ya sani. Kawai in ya faɗa da bakinsa, me ya rage masa?"

Na tuna yadda yake kallon bakina, na tuna sallamata biyu.

"Kada ka ce ni na faɗa," in ji ta. "Ko da yake zai gane. Je ka, tunda dama zaman ya ishe ka."

A hanya na shirya yadda zan shigo da maganar a hankali, na canza shiri ya fi sau biyar. Duk a banza. Da na isa, babur ɗina yana kan jaki, Yaya yana zaune a kujerar motar da filogina a hannunsa. Ya fito da shi wajen haske yana juyawa. Ya miƙo mini ba tare da ya amsa gaisuwata ba. Bakin filogin ya yi fari fat, da wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli.

"Ka ga wannan? Kamata ya yi ya zama ruwan ƙasa. Fari zafi ne. Waɗannan ɗigon kuma daga kan fistin da ke cikin injin suke. Da ka dage ka kai saman tudun nan, da ka huda shi." Ya karɓi abinsa. "Wutar ta yi wuri da yawa. Yana ƙara, ko?"

Na matso gabansa yadda zai ga fuskata. "Yana yi, Yaya."

"A gadar ma?"

"A gadar ma. Sosai."

Ya juya yana kallon titi. Mai yankan ƙarfe ya kunna injinsa, ni na runtse ido, shi ko gezau.

"Ka biya ta gida," ya ce.

"Na biya."

"Matar nan bakinta ba ya riƙe ruwa."

Na fara ba shi haƙuri kan maganar jiya. Ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Kai kana jin sautin da kyau? Kana iya gane farkonsa, ba sai ya yi yawa ba?"

Na ce ina iyawa.

"To ɗauko jakar can. Sa sifana mai lamba takwas da goma, da sukudireba, da na cire filogi. Ga sabbin filogi biyu a gwangwanin can. Mu je tudun naka."

Kafin mu tashi ya buɗe murfin, ya mayar da farantin baya sosai, ya karce alama a jikinsa da bakin wuƙa don mu san inda muka fara. Shi ya tuƙa. Muka yi yarjejeniya: da na ji sautin in daki kafaɗarsa ta dama.

Hawan farko babu ƙara, amma babur ɗin ya yi nauyi kamar yana jan amalanke. A lanƙwasa ta biyu sai da na sauka. Muka gangaro, muka tsaya ƙarƙashin wata bishiya a gindin tudun. Na miƙa hannu zan ɗauko sifana, ya ce a'a, sai injin ya huce. Minti ashirin muna zaune a kan dutse. Na tashi, na zauna, na jefa tsakuwa a kwalbati, na duba agogo.

"Kai da za a ɗaure ka a injin, da ba a buƙatar fetur," in ji shi.

Ya murɗa farantin gaba, bai fi kaurin farce ba. Na ce ya ƙara mana, mu rage zirga-zirga. Ya ce irin wannan ƙarin ne ya kai mu inda muke. Muka sake hawa. Ya ɗan fi. Muka sauko, muka jira, ya ƙara kaurin farce. A hawa na biyar, daidai inda hanyar ta miƙe, na ji shi, siriri, can ƙasa. Na daki kafaɗarsa. Ya sassauta nan take, ya tsaya, ya sauka ya dafa kan injin da tafin hannu ta cikin tsumma.

"Nan ne?"

"Nan ne. Kaɗan dai."

"Sake hawa. Ina so in ji shi a hannuna."

Muka koma ƙasa muka sake tahowa, na sake dukansa a wuri guda. Ya girgiza kai. Ya ce a hannu babu abin da ya ji, ko kaɗan. Ya faɗe shi a hankali, ba da ni yake ba.

Ya karce alama ta biyu, ya dawo da farantin baya kaɗan daga gare ta. Rana ta yi zafi, ruwan da muka zo da shi ya ƙare, muka koma gida.

Ranar Lahadi kafireta ya kama. Ya ce wuta mai ƙarfi tana son mai ya ɗan ƙaru. Ya zaro wata allura daga cikinta, ya ɗaga ta mataki ɗaya, ya murɗa kusar daidaita iska rabin zagaye. Wannan aikin ido ne da hannu, ba ya buƙatata, sai dai in ya ce, "Yana tari?" in ce a'a, ko "Ya daidaita?" in ce ya ɗan yi sama. Ya sa sabon filogi muka hau tudun tun daga ƙasa har ƙofar makarantar, mu biyu, a giya ta uku, ban taɓa kafaɗarsa ba. A can ya kashe injin ya ciro filogin da tsumma. Ruwan ƙasa ne, kamar shayi da madara. Ya nuna mini, ya mayar.

Muka tsaya a bakin ƙofar da ke kulle. Daga nan ana hango garin duka, har layin su Yaya.

"Akwai wata fitila da ake saita wuta da ita," na ce, ina fuskantarsa. "Haske take yi a kan alama, ba ruwanta da kunne. Abokina yana da ita a shago."

"Na san ta. Shekara nawa ina yi wa masu amfani da ita dariya."

"Kuma akwai asibitin kunne."

"Ɗaya bayan ɗaya, Auta."

Ranar Litinin na isa makaranta ƙarfe bakwai saura, kafin mai gadi ya buɗe ƙofa.

Fitilar ya fara karɓa, bayan sati biyu. Asibitin sai da muka yi wata uku ni da matarsa muna bin sa. Likita ta ce kunnen hagu, wanda ke fuskantar shagon mai yankan ƙarfe duk shekarun nan, ya riga ya tafi. Na dama da saura. Aka ba shi ɗan abin sawa a kunne mai ƙara ji. Ranar farko da ya sa shi a gida ya zauna yana sauraro, can ya dubi matarsa ya ce ashe haka take da yawan magana. Ta ce ai bashin shekara guda ne bai ji ba, yanzu ta fara.

A rumfa ba ya iya sa shi, ya ce ƙarar ƙarfe tana shiga har ƙwaƙwalwarsa. Yana ajiye shi a gwangwani mai murfi har ya tashi. Wasu daga cikin masu kawo masa aiki ba su dawo ba. Wasu kuma, masu tsofaffin babura, da suka ga nawa yana hawan tudu, sun fara zuwa a cire musu kontak, ya yi guda bakwai kafin ƙarshen shekara. Fitilar tana yi masa yawancin aikin. Amma in ya samu injin da bai yarda da shi ba, sai wayata ta yi ƙara ranar Asabar da safe, yana magana da ƙarfi kamar ina wani gari.

"Auta, kana da aiki? Zo ka ji mini wani abu."

Yawanci ina da aiki, ga takardun yara jibge ban duba ba. Nakan ce masa minti goma kawai zan yi, shi kuma ya ce to, in taho da ruwan sha.